Abubuwan da ke hana yara marasa galihu karatu, da yadda ake kawar da su



Kafin ku shiga cikin wannan bayani, ku tsaya ku tambayi kanku: me ya hana ni shiga makaranta sa'ad da nake yaro? Duk inda aka yi wannan tambaya a cibiyoyin yaƙi da jahilci, amsoshin sukan zo kusan iri ɗaya. Wani ya ce babu makaranta a garinsu a lokacin. Wani ya ce shi ne mai kiwon awakin gidansu. Wata ta ce an sa ta, amma tana aji huɗu aka fid da ita aka yi mata aure. Wani kuma ya ce ya yi shekara uku yana zuwa, bai taɓa gane abin da malam yake faɗa ba, sai ya daina. Da wuya a sami wanda zai ce shi da kansa ne ya ƙi ilimi.

Abin da ya tare ku jiya yana nan yana tare yara da yawa yau, a Nijar da sauran ƙasashe masu tasowa. Wannan bayani zai kawo muku waɗannan shingaye ɗaya bayan ɗaya, da abin da aka gwada don kawar da su. Manufa ita ce, in kun ga yaro ba ya zuwa makaranta, ku iya gane abin da ya tare shi, domin sai an san cuta ake sanin magani.

Su wa ake nufi da yara marasa galihu?

Ana nufin yaran da halin da aka haife su ciki ya sa karatu ya yi musu wuya fiye da sauran yara. A cikinsu akwai ƴaƴan matalauta, da yaran ƙauyuka masu nisa, da ƴaƴan makiyaya, da marayu, da yara masu naƙasa, da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. A wurare da yawa ɗiya mace ma tana cikin wannan rukuni. Sau da yawa matsalolin sukan taru a kan yaro ɗaya: yarinya ce, gidansu babu wadata, garinsu kuma babu makaranta.

Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a shekarar 2024 cewa yara da matasa fiye da miliyan 250 ne ba su makaranta a duniya. Kaso mafi girma daga cikinsu suna ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. A ƙasashe matalauta, kusan yaro ɗaya cikin uku ba ya makaranta, alhali a ƙasashe masu arziki uku ne kawai cikin ɗari.

Alkawuran da aka ɗauka

Ilimi haƙƙin kowane yaro ne. Haka yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tanada, Nijar kuma ta amince da ita a 1990. A wannan shekara ta 1990 ƙasashen duniya suka taru a Jomtien ta ƙasar Tailan, suka yi alkawarin ilimi ga kowa. Suka sake taruwa a Dakar a 2000, suka tsai da shekarar 2015 a matsayin wa'adin da kowane yaro zai sami karatun firamare. Wa'adin ya cika ba a kai ga buri ba, aka tsai da sabon wa'adi na 2030.

A Nijar, dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ce ilimi haƙƙi ne ga kowane ɗan ƙasa. A 2003 aka soma shirin shekara goma na bunƙasa ilimi. An kuma sami ci gaba: a shekarar 2000 kusan yaro ɗaya cikin uku ne ke firamare, bayan shekara goma rabon ya ninka. Amma jama'a na ƙaruwa da sauri. Ƙidayar 2012 ta nuna mutum miliyan 17, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara sai an ƙara azuzuwa da malamai, in ba haka ba a koma baya.

Shinge na farko: talauci

A makarantun firamare na gwamnati ba a biyan kuɗin karatu. Duk da haka karatu yana cin kuɗi. Akwai littattafan rubutu, da alƙalami, da allo da alli, da tufafi, da takalmi, da karo-karon da ake yi don gyaran aji. Ga mai albashi wannan ba wani abu ba ne. Ga manomin da ke da ƴaƴa biyar, wanda gerorsa ba ta kai shi damina, dole ya zaɓi wanda zai sa da wanda zai bari a gida.

An ga ƙarfin wannan shinge a ƙasashen da suka soke kuɗin makaranta. Malawi ta soke a 1994, Yuganda a 1997, Kenya a 2003. A Yuganda ƴan firamare sun tashi daga kusan miliyan 3 zuwa fiye da miliyan 5 cikin shekara ɗaya. A Kenya yara fiye da miliyan ɗaya suka ƙaru a shekarar farko. Ashe iyayen nan suna son karatun ƴaƴansu tun da can, hali ne babu. Sai dai azuzuwa suka cika maƙil, malamai da littattafai suka kasa, abin da ya nuna cewa buɗe ƙofa kaɗai ba ya isa.

Wasu ƙasashe suka bi wata hanya: ba iyaye matalauta ɗan kuɗi a kai a kai, da sharaɗin yara su riƙa zuwa makaranta. Meksiko ta fara haka a 1997, Birazil ta faɗaɗa nata shirin a 2003. Mafi yawan lokaci uwa ake danƙa wa kuɗin.

Shinge na biyu: aikin da yaro ke yi wa gida

A karkara yaro hannu ne na aiki. Shi ke kiwo, shi ke korar tsuntsaye, shi ke ɗebo ruwa da itace, shi ke goyon ƙane. In ya tafi makaranta, wani ne zai ɗauki wannan aiki. Ana komawa makaranta a watan Oktoba, lokacin da ba a gama girbi da roron wake ba. Ana rufewa a watan Yuni, lokacin da ake sharar gona da shuka. Saboda haka yara da yawa suna makara wajen komawa, suna kuma gaggawar fita, sai shekarar karatunsu ta ragu daga farko da ƙarshe.

Taya iyaye aiki tarbiyya ce, babu mai musun haka. Abin da ke cutarwa shi ne aikin da ya hana yaro zuwa aji, ko ya gajiyar da shi har ya riƙa barci malam na koyarwa, ko ya jefa shi cikin haɗari kamar aikin haƙar zinari. Ana iya daidaita abin ba tare da gona ta lalace ba. A bar wa ƴan makaranta aikin yamma da na ranakun hutu. Maƙwabta su haɗa dabbobinsu hannun makiyayi ɗaya maimakon kowane gida ya tsare yaro guda. Inda aka sami rijiyar famfo kusa da gari ko injin niƙa, lokacin da ƴan mata ke ɓatawa wajen ruwa da daka yakan ragu sosai.

Shinge na uku: nisa

Yaro mai shekara bakwai ba zai iya tafiyar kilomita biyar da safe, ya sake yin ta da rana tsaka ba. In akwai gulbi ko ƙorama a hanya, damina tana yanke zuwa gaba ɗaya. Iyaye sukan jira yaro ya ƙara girma, har lokacin shiga ya wuce. Ɗiya mace kuwa, tsoron abin da zai same ta a hanya ya kan sa a bar ta gida.

A Burkina Faso, tsakanin 2005 da 2008, an gina makarantu 132 a ƙauyukan da ƴan mata suka fi ƙarancin shiga. Kowace makaranta an yi mata rijiya, da makewayi na maza daban na mata daban, da abincin rana. Bincike ya nuna shigar yara ta ƙaru ƙwarai a waɗannan ƙauyuka, ta ƴan mata ta fi ƙaruwa. A jihar Bihar ta Indiya kuwa, daga 2006 hukuma ta riƙa ba ƴan matan sakandare kuɗin sayen keke, tazarar da ke tsakaninsu da maza ta ragu.

Matsalar nisa ta fi tsanani bayan firamare. Kwaleji tana babban gari, yaron ƙauye sai ya sami mai masauki. Wani a karɓe shi kamar ɗa, wani a mai da shi ɗan aike, wani ya kwana da yunwa. Yara da yawa masu ƙoƙari a nan karatunsu ke tsayawa. Kafin ku kai yaro wani gari, ku san gidan da zai zauna, ku riƙa aika masa da abinci, ku riƙa kai masa ziyara.

Shinge na huɗu: yunwa da rashin lafiya

Yaron da bai karya ba ba ya riƙe karatu. Wanda tamowa ta kama tun yana jariri yakan taso da rauni a jiki da kuma wajen fahimta. Rashin sinadarin ayodin, wanda ake samu cikin gishiri mai ayodin, yana rage kaifin ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya, da tsutsar ciki suna sa yaro fashin makaranta kwanaki da yawa. A shekarun ƙarancin abinci, irin 2005 da 2010, iyalai da dama a jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa sun bar garuruwansu neman abinci, yaransu suka bar aji tare da su.

Maganin wasu daga cikin waɗannan ba shi da tsada. A gundumar Busiya ta yammacin Kenya, daga 1998 an riƙa ba ƴan makarantu 75 maganin tsutsar ciki, fashin makaranta ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A Indiya kotun ƙoli ta ba da umarni a 2001 a riƙa ba ƴan firamare dafaffen abinci da rana, shirin ya kai ga ciyar da yara fiye da miliyan 100. A Nijar ma akwai makarantu masu kantin, wato masu ciyar da yara, musamman a yankunan makiyaya da wuraren da abinci ke ƙaranci.

A naku ɓangare, kada yaro ya fita da safe ciki babu kome, ko da koko ne ko fura. Ya kwana cikin gidan sauro. In ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin tsargiya da tsutsar ciki a makaranta, ku bar shi ya sha.

Shinge na biyar: abin da ke tare ɗiya mace

Duk shingayen da aka ambata sun fi nauyi a kan yarinya, sa'an nan tana da nata na daban. Ita ke talla, ita ke daka, ita ke reno. In kuɗi sun kasa, ita ake fara fiddawa, a ce ai gidan wani za ta. In ta fara al'ada, makaranta kuma babu makewayi mai sirri babu ruwa, sai ta riƙa fashi kowane wata har ta gaji ta daina.

Babban abin da ke yanke karatunta shi ne aure da wuri. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa a Nijar mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin shekara 18, 28 cikin 100 kuma kafin shekara 15. Iyaye da yawa tsoron abin kunya ne ke sa su gaggawa, wannan tsoro kuma ba abin rainawa ba ne. Amma a duba ɗaya gefen. Yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai nuna ba tana cikin haɗarin doguwar naƙuda da ciwon yoyon fitsari. Wadda ta yi karatu kuwa ta fi iya kula da lafiyar ƴaƴanta, ta karanta takardar likita, ta riƙe lissafin sana'arta. Mata da yawa sun fi son mace ta duba su a asibiti. Wannan ungozoma da wannan malama, daga cikin ƴan matan da aka bari suka yi karatu suke fitowa.

A watan Disamba na 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke makaranta da tallafa mata. Ƙa'idodin da suka biyo baya a 2019 sun ba wadda ta yi aure ko ta haihu damar ci gaba da karatu. Daga 2021 aka soma gina gidajen kwana na ƴan mata a wasu kwalejojin karkara, kamar na Kelle cikin jahar Damagaram.

Karatun mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, ya soki masu barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin ƴan taru, inda shugabannin mata da ake kira jaji suke zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka.

Shinge na shida: zuwa makaranta ba tare da koyon kome ba

Akwai yaran da sunansu ke cikin rajista, suna zuwa kullum, amma su kai aji shida ba su iya karanta jimla ɗaya ba. Uban da ya ga haka yakan ce gara yaron ya koma gona, ba kuma za a ga laifinsa ba. Gwajin PASEC da ake yi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ya nuna a 2014 cewa a Nijar ba a kai yaro ɗaya cikin goma ba na ajin ƙarshen firamare da ya iya karatu yadda ya kamata. A 2019 abin ya gyaru zuwa kusan uku cikin goma.

Dalilan haka sanannu ne. Aji ɗaya yara sun yi yawa. Littafi ɗaya yara da dama ke rabawa. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka riƙa ɗaukar malaman kwantaragi da yawa don a cike gurbi, wasunsu ba su sami isasshen horo ba. Malamin da aka tura ƙauye mai nisa, in babu wurin kwana, albashi kuma sai ya je babban gari ya karɓo, kwanakin aikinsa suna raguwa. Duka da zagi su ma suna korar yara.

Sai kuma harshe. Yaron da ya tashi da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci, in ya shiga aji aka fara masa da harshen da bai taɓa ji ba, an ɗora masa kaya biyu a lokaci ɗaya: koyon karatu da koyon sabon harshe. Ku da kanku shaida ne. Da harshenku kuka fara, shi ya sa cikin watanni kaɗan kuka soma haɗa baƙaƙe. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fara gwada koyarwa da harshen gida, tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973. Yaron da ya iya karatu da harshensa ya fi saurin koyon wani harshe daga baya.

Shinge na bakwai: yaran da aka fi mantawa da su

Yaro makaho, ko kurma, ko gurgu, sau da yawa ɓoye shi ake yi a gida, ko a tura shi bara. Alhali naƙasar ido ko ƙafa ba ta hana hankali aiki. Makafi suna karatu da rubutun da ake shafawa da yatsa, kurame suna karatu da maganar hannu. Akwai makarantar makafi a Yamai, akwai na kurame a Yamai da wasu manyan birane. Gurgu kuwa makarantar gari ta ishe shi, in an sami mai kai shi, aka kuma gyara masa bakin ƙofar aji. Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu a 2008. Wani yaron ma da ake cewa daƙiƙi ne, gani ne ba ya yi sosai ko ji. A gwada zaunar da shi a gaba, a kai shi likita a duba shi.

Ƴaƴan makiyaya suna bin dabbobi inda ciyawa da ruwa suke, makaranta kuwa tana wuri ɗaya. Saboda su ne aka kafa makarantun da ke ciyar da yara su kwana, don iyaye su tafi su bar su. Ƴaƴan masu ci-rani su ma karatunsu yana yankewa duk lokacin da aka tafi da su. Wata tafiyar har da haɗarin rai: a watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya, fiye da rabinsu yara ne.

Game da makarantar allo, babu dalilin da zai sa a ce sai dai a zaɓi ɗaya tsakaninta da boko. Yara da yawa suna zuwa allo da asuba ko da dare, su je boko da hantsi. Akwai kuma makarantun da ke koyar da Larabci da Faransanci tare, waɗanda aka fara da madarasar Sayi a 1957. Abin da ke cutarwa shi ne a tura ƙaramin yaro gari mai nisa babu guzuri, ya yini yana bara, bai sami wannan ba bai sami wancan ba.

Shinge na takwas: rashin takardar haihuwa

Yaron da ba shi da takardar haihuwa yakan fara makaranta lafiya, amma ranar da za a rubuta sunansa don jarrabawa sai a nemi takarda. Da yawa a nan suke tsayawa bayan wahalar shekaru. In an yi haihuwa, ku sanar da likita, ko mai gari, ko ma'aikatar magajin gari tun da wuri, kafin wa'adin da doka ta tsayar ya wuce. In ya riga ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali. Lokaci lokaci alƙalai suna zagayawa garuruwa su yi zaman ba da waɗannan takardu. Ku tambayi daraktan makaranta ranar da za su zo.

Shinge na tara: rashin tsaro da rashin aji mai kyau

Rikici yana rufe makaranta dare ɗaya. A jahar Difa daga 2015, da jahar Tilaberi a shekarun da suka biyo baya, an rufe ɗaruruwan makarantu saboda hare-haren ƴan bindiga. Haka aka yi a Mali, da Burkina Faso, da arewacin Najeriya. Yaron da ya yi gudun hijira yana da haƙƙin shiga makarantar garin da ya sauka. In irin waɗannan baƙi sun zo garinku, ku taimaka a rubuta ƴaƴansu.

Ajin zana shi ma shinge ne. Ba a kafa shi sai an gama girbi an sami kara, ruwan farko kuma yana rushe shi. Ga haɗarin gobara: a watan Afrilu na 2021 a Yamai, da watan Nuwamba na wannan shekara a Maraɗi, wuta ta kama azuzuwan zana, kowane wuri yara kimanin 20 ko fiye suka rasu. Inda dole ta sa aka yi ajin zana, a raba su nesa da juna, a yi wa kowane ƙofa biyu, kada a hura wuta kusa.

Yaron da shekarunsa suka wuce na shiga fa?

Kada a ce lokaci ya ƙure masa. Akwai azuzuwan gaggawa na wata tara don yara masu shekara 8 zuwa 12 da ba su taɓa shiga ba, ko suka fita da wuri. An fara su a Mali a 2004, daga baya suka iso Burkina Faso da Nijar. Ana farawa da harshen gida, sa'an nan a shiga Faransanci, in yaro ya ci gwaji a kai shi ajin firamare da ya dace da shi. Waɗanda suka fi haka girma, akwai cibiyoyin koyon sana'a da na yaƙi da jahilci. Ku tambayi daraktan makaranta ko malamin cibiyarku abin da ake da shi kusa da ku.

Me za ku iya yi?

Gina azuzuwa, da horar da malamai, da biyansu kan lokaci, da tsaron ƙasa, nauyin hukuma ne, kuna da haƙƙin ku nema. Amma akwai abin da ke hannunku:

1. Ku rubuta kowane yaro, mace da namiji, da zarar ya kai shekarun shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

2. Lokacin kaka, da kuka sai da amfanin gona, ku ware kuɗin kayan karatu kafin a shiga sauran hidimomi.

3. Kowane dare ku ce yaro ya nuna muku littafinsa. Yanzu kun iya karanta kwanan wata. In kun ga kwana uku babu sabon rubutu, ku je ku tambayi dalili.

4. Ku riƙa zuwa taron kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, da na ƙungiyar iyayen yara, da na ƙungiyar uwaye mata. Ku nemi a karanta muku lissafin kuɗin da aka tara da inda aka kashe su.

5. Ku bi unguwa gida gida ku rubuta sunayen yaran da ba su zuwa, a gaban kowane suna ku rubuta dalili. Ku kai takardar ga kwamiti da mai gari. Wani yaron takalmi ne kawai ya hana shi, wani takardar haihuwa, wani sai an zauna da mahaifinsa.

6. Ku kyautata wa malami. Ku sama masa wurin kwana da ruwa. In yana fashi ba dalili, kwamiti ya yi masa magana, in bai gyara ba a sanar da sufeton makarantu.

7. In za a fid da yarinya don aure, ku yi wa iyayenta magana cikin mutunci. In ya yiwu ku tafi da liman ko wani dattijo da suke jin nauyinsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya gagari gida ɗaya, kamar gyaran aji ko tara hatsin ciyar da yara, ba ya gagarar gari.

Kammalawa

Ku da kuke karanta wannan shafi kun san ɗacin kai wa wani wasiƙarku ya karanta muku sirrinku, kun san dangwala yatsa a takardar da ba ku san abin da ke ciki ba. Kun dawo kun zauna kan tabarma da girmanku, kun tabbatar da cewa gemu ba ya hana ilimi. An kuma lura a ƙasashe da yawa cewa iyayen da suka iya karatu, musamman uwaye, sun fi sa ƴaƴansu makaranta, sun fi barin su su kai ƙarshe.

Yau in kun koma gida, ku ƙirga yaran da ke gidanku da na maƙwabta. Ku duba wanda ya kamata a ce yana aji amma ba ya can. Ku nemi sanin abin da ya tare shi, ku fara da shi. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana na ƴaƴanmu, amin.